Canki-canki ko sani? Tambayar da wasan bidiyo ya bar ni da ita

Da an ce masana falsafa na nazarin wasannin bidiyo, sai hankali ya tafi kan kisa da zubar da jini. Tun 2009 da masanin falsafa Morgan Luck ya jefa tambayarsa ake kai ruwa rana a kanta: me ya sa ake kau da kai idan ɗan wasa ya kashe mutum a allo, amma a ji ƙyama idan wasan na lalata da yara ne, alhali duka biyun ba wanda aka cuta a zahiri? Tambaya ce mai nauyi, amma ni wadda ta fi kama ni daban ce: me ɗan wasa ya sani lokacin da ya danna maɓalli?

Return of the Obra Dinn, wanda Lucas Pope ya fitar a 2018, ya mai da kai mai binciken inshora. Jirgin ruwa ya dawo a 1807 ba mai rai a ciki, aikinka ka gano sunan kowa da makomarsa cikin mutum 60 da ke jirgin. Wasan ba ya tabbatar maka komai sai ka dace da amsar mutum uku a lokaci guda, don ya toshe canki-canki. Bai toshe duka ba. In ka tabbata da biyu, kana iya jujjuya sunaye a na ukun har ya faɗa daidai. To ka sani ke nan? Tun a littafinsa Meno, masanin falsafar Girka Aflatun ya raba zato mai dacewa da sani. Wani lokacin ma kana da hujja, ka gane mutum ta tufafinsa, ashe hujjar ba ta nan take ba, sunan dai ya yi daidai. Irin matsalar da masanin falsafa Edmund Gettier ya tayar ke nan a 1963, a maƙala mai shafi uku kacal.

A Papers, Please na 2013, shi ma na Pope, rashin sanin ne ke cizo. Kai ne jami'in kan iyakar Arstotzka, wata ƙasar ƙirƙira. Miji ya wuce da takardu cikakku, ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa. Ta zo, nata ba su cika ba, ta ce kashe ta za a yi in ta koma. Ba ka da hanyar gane gaskiyarta. Ka bar ta ta wuce, a rubuta maka laifi. Laifi ya taru, a zaftare albashi, ga iyali na jiran abinci da ɗumin ɗaki. Ni hatimin shiga na buga mata.