Ya fito daga mota da ƙafarsa, saifa ta fashe bayan kwana uku

Laraba, da daddare

Da hantsi aka kawo wani magidanci sashen gaggawa, dafe da kafaɗarsa ta hagu. Ran Lahadi ya yi karo da wata mota, sitiyari ya buge shi a ƙasan haƙarƙari, ya fito da ƙafarsa, har da shi aka tura motar gefen titi. Matarsa ta ce: "Likita, har jiya lafiyarsa ƙalau, da safen nan ne ya miƙe jiri ya kwashe shi." Leɓensa ya yi fari, tafin hannunsa ya yi sanyi ga gumi, zuciya na bugawa sau 118 a minti. Hoton ciki ya nuna jini kwance. Saifa ce ta fashe, kuma yanzu haka an fito da shi daga tiyata.

Kafaɗar ba abin da ya same ta. Jinin da ya taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne ke taɓa jijiyar da ta haɗa hanya da kafaɗa, sai ciwon ya ɓullo a can. Ita saifa tana cikin wata 'yar siririyar fata. Idan ta bugu, jini kan taru a cikin fatar nan, ta riƙe shi kwana biyu, uku, har mako, sannan ta yage.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne a lokacin haɗari jiki na sakin sinadaran firgita da ke danne zafi na sa'o'i. Ga shi jikin matashi ya iya ɓoye zubar jini. Babban mutum na da jini kimanin lita 5, zai iya rasa fiye da lita 1 amma awon hawan jininsa ya fito daidai. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri. Wanda yake kwance yana hutawa, bugunsa ya haura 100 a minti, ga ƙishirwa da jiri in ya miƙe, a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Kai ya fi ba ni tsoro. A gefen kai, sama da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ta tsinke, mutum kan suma, ya farfaɗo, ya yi hira garau, bayan 'yan sa'o'i ya shiga barcin da ba a iya tashinsa. Shi ya sa duk wanda ya bugu a kai yake bukatar wani babba a kusa da shi na awa 24 zuwa 48. Abin dubawa: ciwon kai mai ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, magana a karkace, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, hannu ko ƙafa ya mutu, jijjiga, ko wani ruwa garai-garai daga hanci ko kunne. Ko ɗaya aka gani, ya isa. Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini nasu kan taru a hankali, sai bayan makonni a ga mantuwa da tangaɗi, a ɗauka tsufa ne. Su a duba su ranar haɗarin, ko da bugun bai taka kara ya karya ba.

Sanƙarewar wuya washegari abu ne da aka saba gani, yakan tsananta cikin kwana biyu zuwa uku sannan ya lafa. In ya zo da mutuwar yatsu ko kasa riƙe fitsari, maganar ta shafi laka.

Bel ɗin kujera na ceton rai, amma shatarsa a kan ciki alama ce da ba na wasa da ita. Hanji kan ɓule a ƙarƙashinta, sai bayan yini guda ciki ya ƙulle tamau kamar katako, zazzaɓi ya biyo. Huhun da ya bugu shi ma yakan taɓarɓare cikin awa 24 zuwa 48, numfashi ya riƙa yin sama-sama. Jan fitsari na nuni ga ƙoda ko mafitsara. Mai juna biyu kuwa ta je a duba ta ko ba ta jin komai, don mabiyiya na iya ɓanɓarewa daga mahaifa.

Matar magidancin nan ta ce tun Litinin yake shan diclofenac, wani maganin ciwo. Shi da ibuprofen da asfirin suna rage daskarewar jini, don haka a guje su a kwana biyun farko in an bugu a kai ko ciki. Farasitamol ya wadatar: giram 1 duk awa 6 ga babba, kada ya wuce giram 4 a yini. Ciwon da ya gagari wannan, likita ne zai duba shi.