Daga Ruwan Jos Zuwa Hazon Damagaram

Wanda ya tashi a Jos yakan ɗauka damina ta kowa ce har cikin Oktoba. Mu muna yawo da lema, hadari na haɗuwa kan duwatsun Shere da la'asar, alhali 'yan'uwanmu na bayan Daura sun riga sun ɗaure gero sun kai rumbu. A wannan tsakanin na ware wata guda na kama hanya, don bashin zumunci ya yi mini katutu: ga ta'aziyyar da na yi ta waya, ga haihuwar da ban je barka ba, ga kuma Goggo a Zariya da ta daina amsa gaisuwata sai da gatse.

Kakanmu mutumin ƙasar Damagaram ne, daga wani ƙauye a gefen Matamaye. Haƙar kuza ce ta kawo shi Jos yana saurayi, zamanin ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke tasowa daga Zariya ya hau tudu, layin da ya iso Jos a 1914 aka rufe shi a 1957. Duk inda ya yada zango sai da ya bar dangi, na jini ko na aure. Sawunsa na bi, amma ta baya.

Na yi tsarabar dankalin turawa da karas da kabeji a Farin Gada, muka fita cikin yayyafi. Muna gangarowa Saminaka rigar sanyi ta zama kaya. Can masara ce ko'ina, an shanya ta a gefen kwalta, kuma kowa idonsa na sama. A gabanmu hadari ya taso, sai ga mata da yara a guje, masu kwashewa da faranti na yi, masu jan tamfol na yi, wani tsoho na ta ɗaga murya ba ya taɓa komai. Direbanmu, wanda shi ma manomi ne, ya ce ruwan ƙarshen damina ba kowa ke maraba da shi ba. Mai dawa da mai wake na roƙonsa, mai masara na Allah-Allah ya ɗauke, don in ta sha ruwa bayan an ɓare sai ta yi fumfuna, ɗan kasuwa ya taya ta yadda ya ga dama.

Goggo na cikin birni, in ka shiga ta Ƙofar Doka. Na yi sallama, ta amsa daga ɗaka ba ta fito ba.

"Wa nake ji haka? Ashe ƙafar ba ta karye ba?"

"Goggo, a yi mini aikin gafara."

"Gafara ta Allah ce. Shigo, ɗan nema, ka ajiye kayan nan kafin su ja maka wuya."

A waya kullum lafiya lau ce. Sai da na zauna na ga katangar bayan gida ta zube tun ruwan marka, an kare wurin da zana. Ta bar ɗakinta ta koma na kusa da zaure saboda yoyo. Idonta na hagu ya yi yana, har tana laluben ludayi a gabanta. Babu wanda ya faɗa mana ko ɗaya daga ciki, ita ma ba za ta faɗa ba ko za a shekara ana kiranta. Kwanakin da na yi a gidan rabinsu wajen magina suka tafi, da kai ta a duba idon. Zafin ƙarshen damina kuwa ya tsaya wa Zariya a wuya: rana ta ƙwalle, iska ta ɗauke, sauro na cin kasuwarsa. Muna cin tuwon sabuwar masara da miyar ɗanyar kuɓewa, tana cewa in ci da kyau, daga wannan sai busasshiya.

Ranar da zan tafi ta ƙulle daddawa a leda, ta ce ta gidan Baffa ce, can ƙauyen kakanmu. Su biyun sun fi shekara ashirin ba sa ga maciji, tun da ya nema wa ɗansa auren 'yarta ta ce ba za a kai mata yarinya inda ake jan guga gaba ashirin ba. Ta ce, "Ka ce masa ina nan ban mutu ba, in yana tambaya." Na ce to.

Kano ban daɗe ba. Daga Kadawa zuwa Kura shinkafa ta yi jawur ana yanka, albarkar ruwan dam ɗin Tiga da aka gama a 1974. Na sauka wurin wani abokina tun na makarantar allo, yana da rumfa a Dawanau, kuma hirarmu duk a kan buhu aka yi ta, don kaka ba ta barin ɗan Dawanau ya zauna. Sabon gero na sauka, riɗi na sauka, manoma na sayarwa da araha don biyan bashin taki, masu ajiya na saye suna jiran bazara. Shi da kansa ya ce wanda ya sayar masa yau shi zai dawo ya auna a hannunsa da tsada kafin shuka. Bai faɗa da alfahari ba, bai kuma faɗa da kunya ba. Wani dare guguwa ta taso da ƙura, aka yi ɗan yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba. Ruwan da na gani na ƙarshe ke nan a tafiyar.

Daga Ƙofar Ruwa muka bi ta Dambatta da Kazaure zuwa Daura. Tun daga nan gonaki suka rabu biyu: dawa na tsaye da zangarniya tana jiran Nuwamba, gonakin gero kuwa an kwantar da kara, yara na roron wake a tsakani. Na yi ta'aziyya a Daura, ban ko leƙa rijiyar Kusugu ba, na wuce Kwangwalam. Iyakar nan an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, amma masu gona a tsallake da masu suruki a tsallake ba su taɓa fasa zirga-zirga ba. Abin da ya fi taɓa ni wajen 'yan canji ne. A lokacin jaka guda ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, ta haura naira dubu biyu. Na miƙa damin kuɗi, aka ba ni 'yan takardun da ko aljihu ba su cika ba.

Ƙauyen su Baffa shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi ne inda na fi son in ba da labari. Abin da ido ke fara gani gawo ne. Gonakin Matamaye da Magarya da Mirya cike suke da shi, ba don an dasa ba, sai don manoma sun koma barin tohon da ke fitowa da kansa suna yi masa aski, abin da suke kira sassaben zamani. Gawo kuwa bishiya ce mai saɓa wa kowa. Da damina yakan zubar da ganye ya tsaya tsirara, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, ganyen da ya zube ya zama taki. Sai ruwa ya ɗauke, komai ya fara bushewa, sannan shi ya yi sabon ganye. Na iso daidai lokacin: ƙasa fara fat, kara ya bushe, gawo na ta toho kore shar. Baffa ya kai ni gindin wani ya nuna mini kututturen geron wurin, kaurinsu ya fi na tsakiyar gona nesa ba kusa ba.

Shi ba ya lissafin shekara da wata, da dami yake yi. Ya tsaya bakin rumbu ya ce wannan zai kai su azumi, wancan in an yi tattali ya kai shuka, na ukun na iri ne da baƙo. An riga an fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, tun a gona. Da yamma jikokinsa suka gasa mini tumu daga 'yan zangarkun da suka makara ba su gama bushewa ba. Ana babbaka shi a bakin wuta, a murza a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da ɗuminsa. Rabona da shi tun ina yaro. Da safe fura ce da nonon da Fulani ke kawowa, don shanunsu sun fara shigowa gonakin da aka kwashe, ga soyayyar fara da yaji a kowace ƙofa.

Amma ƙauyen shirin watsewa yake yi. Da an rufe rumbu samari ke ɗaure kaya, don geron ba zai kai ba in kowa ya zauna yana ci. A da Kano da Legas ake nufa kai tsaye. Yanzu majalisa ta rabu: wasu na cewa wahalar rani guda a Najeriya in an canza ta ba ta sayen ɗan akuya, gara Agadas ko Libiya ko Aljeriya. Tsofaffi ba sa son jin sunan Aljeriya. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakarta, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara, kuma akasarinsu daga wannan yanki na Kance suka fito. Duk da haka ana tafiya. Ni dai ban ga bakin da zan yi wa wani wa'azi da shi ba, tunda kakana ma haka ya bar garin.

A nan iska ta juya. Mun kwanta a waje da zafi, cikin dare na ji ana lulluɓa mini zane. Da asuba ruwan buta ya yi sanyi, leɓena ya bushe, iskar da ke zuwa daga kudu ta koma busowa daga gabas maso arewa. Matar Baffa ta ce, "Ɗari ya leƙo, a hiddo barguna." A ranar na isar da saƙon Goggo, kalma da kalma, na ajiye daddawar. Baffa ya sunsuna ledar, ya ce, "Har yanzu bakin nan nata yana nan?" Bai ƙara ba. Sai da zan tafi na ga ƙullin gero daban, an ɗaure bakinsa da igiyar kaba. Ya ce, "Wannan na Zariya ne. Kada ka haɗa da naka." Ya kuma damƙa mini jikansa in kai shi Dawanau ya yi dako, ya ce ya fi son inda in ya kira za a ɗauka.

Na fara shiga Damagaram ni kaɗai, wurin wani aboki a Zango. Garin ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin Faransawa su mayar Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa. Har yau 'yan garuwa ba sa rasa ciniki. Na zaga Birni, na ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun da gidaje suka raɓa, na sayi kilishi a kasuwar Dole ranar Alhamis. Hazo na farko a nan ya same ni. Rana ta fito fara ba zafi, ana iya kallonta da ido, ƙura ta kwanta a gira da gashin baki, masu shayi suka cika da mutane tun kafin gari ya waye. Daren kuwa a fada muka raba shi, butar shayi kan gawayi, zagaye na ɗaya mai ɗaci har zuwa na uku.

Yaron ya tare ni a Takeita, muka bi ta Tasawa zuwa Maraɗi, inda 'yar innata ke aure. Barka na je yi, na tarar jaririn har yana rarrafe, aka yi ta yi mini tsiya. Daga nan Ɗan Isa, Jibiya, Katsina. Direba ya ƙi tsayawa ko shan ruwa, ya ce ba ya son la'asar ta same shi a hanyar.

A gidan Kawu na gane dalili. Ɗakunan baƙi da zaure duk cike suke da dangin matarsa da suka baro ƙauyensu a yammacin jihar saboda 'yan bindiga. Wani dattijo a cikinsu ya ce dawarsa ta nuna, ya sani, don da hannunsa ya shuka, amma ba mai zuwa yanka sai an biya abin da aka yanka wa garin. Na fito daga inda ake da kwanciyar hankali ba wadataccen ruwa, na faɗo inda ruwa ya yi, gona ta yi, mai ita na zaune a zauren wani yana ƙirga kwanaki. Yaransu na kwana kan tabarma a siminti cikin wannan sanyi. Bargon da na sayo a Maraɗi a nan ya tsaya, da rabin geron da aka ba ni. Na Zariya dai ban taɓa ba.

Na sauke yaron a Dawanau, abokina ya dubi kafaɗunsa ya ce zai yi. Lokacin zoɓo da wake ne ke sauka, leburori sun rufe hanci da ƙyalle. Zariya ma ta canza: sauro ya ragu, an fara yankan dawa, kowa na shafe-shafen mai saboda kaushi. Katangar Goggo ta tashi, saura yaɓe.

Na ajiye ƙullin a gabanta ban ce komai ba. Ta laluba igiyar, ta kwance, ta tsoma hannu, ta jefa 'yan ƙwayoyi a baki ta tauna.

"Geron jigawa ne wannan. Shi ya ba ka, ko matarsa?"

"Shi da kansa, Goggo."

"Ya tsufa?"

"Ya tsufa, amma yana zuwa gona."

Ta ƙwala wa jikarta kira ta ce a surfa tiya guda, fura take so gobe. Sannan ta miƙo mini wayarta, ta ce in sa mata lambar yaron nan na Dawanau, in kuma nuna wa yarinyar inda ake dannawa.