Baba da keken asibiti

Tun da bugun zuciya ya kwantar da Baba, ko buta ya ɗauka sai Inna ta ce, "Malam, ajiye!" Likita kuwa cewa ta yi zaman nan ne ke ƙara kassara shi.

Yanzu a asibiti ake liƙa masa wayoyi a ƙirji, ya hau keken motsa jiki, ma'aikaciya na duba harbawar zuciyarsa a allo. Dokarta ɗaya ce: "Baba, in haki ya hana ku magana, ku sassauta." A gwajin farko na tafiyar minti 6 sai da ya dafa bango.

Ni dai tsoron da ya sake shi ya fi burge ni. Da ƙafa yake zuwa masallaci, yana mitar an rage gishirin miya.