Asabar: ɗaukar zaure da koren ƙyalle

Yau yaran gidanmu suka ɗauki fitowa biyu na shirin da suke yi da sunan kamfanin marigayi Yaya, wanda ya rufe tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, masu tura fim a waya suka gaje ta. Babbansu mai shekara 18 ne darakta, ƙanwarsa na riƙe da littafin ɗauka, ɗan baffansu na kan sauti. Kayan aikin waya biyu ne, da makirufon kwala, da fitilu uku.

Da hantsi aka fara da zaure, sai ga baƙaƙen layuka suna hawa da sauka a bango. Wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, wayar kuwa an bar ta a kan hoto 30 a daƙiƙa, tsarin da ya dace da wutar Amurka mai 60, ga ƙwan fitila mai araha yana ƙyaftawa tare da wutar. Aka mayar da ita hoto 25, saurin rufe idon kyamara 1/50 na daƙiƙa, layukan suka ɓace. Da aka ɗauke wuta aka tada janareta suka dawo, don ƙaramin inji ba ya tsayawa cak a kan 50. Fitilun caji suka raba gardama. An kuma kulle haske da saitin ido da hannu, in ba haka ba da zarar mai farar babbar riga ya shigo, waya za ta rage haske fuskoki su dushe.

Sauti ne ya ci rabin yinin, kuma ya cancanta. Mai kallo a waya yana haƙuri da hoto mai hazo, amma in bai ji magana ba sai ya wuce. Makirufon yana zama kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Sabuwar shadda mai sitati bala'i ce, duk motsi sai ta yi ƙara, don haka aka naɗe wayar makirufon ɗan zobe aka manne ta da filasta daga cikin riga, kan kuma aka fito da shi bai taɓa yadi ba. Waya ta biyu ke naɗa, an kashe mata layi kada kira ya shigo. Ma'aunin ƙarfin sauti ya riƙa tsayawa wajen -12. In ya kai ja, murya ta fashe kuma ba ta gyaruwa. Kafin kowace ɗauka tafi ɗaya a gaban kyamara, da shi ake haɗa baki da murya wajen tacewa. Janareta aka kai bayan katanga da doguwar waya. Injin niƙan maƙwabta kam sai jira.

Mai sautin ya ce, "Kawu, ai manhaja tana goge ƙara." Tana gogewa, sai ta bar murya kamar daga cikin tulu. Aka sa kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 aka naɗi shirun zauren, wanda ake cike giɓi da shi tsakanin maganganu.

Bayan la'asar sai koren ƙyalle, wanda ake ratayawa a bayan ɗan wasa, daga baya a cire shi da kwamfuta a sa wani hoto a madadinsa. Sha'awar daga yaran nan na Kaduna, Critics Company, suka samo ta, waɗanda suka yi suna a 2019 da waya mai fasasshen gilashi. Ƙyallen yadi shida ne daga Kantin Kwari, mara sheƙi, an goge shi an ɗaure tamau, don kowace tattara inuwa ce da kwamfuta ba ta ɗauka a matsayin kore. Ɗan wasa ya tsaya mita biyu daga ƙyallen, mai fitilarsa daban. Duk da haka ɗauka ɗaya ta lalace: mayafin yarinyar shara-shara ne, koren ya ratso ta ciki, da aka cire shi sai rabin kafaɗa ya tafi. Aka sauya mai kauri, mai littafi ta rubuta cewa a kafaɗar hagu yake, don gobe.

Da dare an kwafe komai wuri biyu kafin a goge waya. DaVinci Resolve na kyauta, manhajar tace bidiyo, yana tafiyar hawainiya a kwamfutarsu, sai da aka yi ƙananan kwafi na tacewa. Sun so ciro tambarin kamfanin daga tsohon kaset na VHS, amma zaren ya yi farar funfuna, na hana a sa shi a inji, zai ɓata kan na'urar ya kuma tsinke. Za a nemi wani kwafin a akwatin Hajiya.

Saura takardu. Shirin sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, rajistar kamfanin kuma ta daɗe da tsufa. YouTube ba ya fara biyan kuɗin talla sai an kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, asusun karɓar kuɗin kuma sai mai shekara 18, don haka da sunan darakta za a buɗe. Gobe da ƙarfe bakwai za a maimaita fitowar mayafi, kafin injin niƙa ya tashi.