Makullin moto ya ɓace, kar a yi saurin yanke waya

Wallahi ina jin takaici in na ga ɗan kabu-kabu a Damagaram makullinshi ya faɗi, sai kawai ya buɗe kan moto ya haɗa wayoyin kontak, haka zai yi ta yawo kullum, ga batir na mutuwa, ga duk wanda ya gani sai ya ɗauka na sata ne.

Ɗan'uwa, tura moton wajen makanike. A moto da yawa makulli guda ne ke buɗe kontak da murfin tanki, to sai a kwance murfin a kai ma masu yankan makulli wajen Kasuwar Dole, su fidda sabo daga jikinshi. In kuwa kana zargin sace makullin aka yi, canza duka saitin, kar ka ji ƙyashin kuɗin. Ka riƙe kart giriz, wato takardar mallakar moto, a aljihu, kuma a yanka maka makulli biyu, guda ya zauna gida.