Godiya ga duk wanda ya sa hannu har na kama sitiyari a Onne

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. Masu tambayata ina aka kwana a maganar aiki, yau ga amsa: an ɗauke ni direban jirgin ruwa a tashar Onne da ke jihar Ribas. Ƙaramin jirgi ne mai inji biyu, aikinsa kai ma'aikata da kayan abinci wurin manyan jiragen da suka jefa anga a kogin Bonny, ya kuma dawo da waɗanda suka tashi daga aiki. Na gama watannin gwaji, an tabbatar da ni. Shirun da kuka ji na yi ba wulaƙanci ba ne, ban so in yi shela ba ne tun abin bai zauna ba.

Bayan godiya ga Allah, da Kawu zan fara. Kawu, Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. Tun rasuwar Baba ku kuka ɗauke ni kuka sa ni a jirginku a bakin kwatar Yawuri, ina kwarfe ruwa da ƙwarya, har na kai ga riƙe filafili, daga baya inji. A wurinku na san bambancin farin ruwa, wanda damina take kawowa da laka, da baƙin ruwa da yake isowa cikin sanyi bayan ya yiwo doguwar tafiya tun daga duwatsun Gini. Ku kuka nuna mini inda kututturan itatuwa suke laɓe a ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya shanye gonaki da tsibirai. Kun sha tsayar da jirgi a tsakiyar kogi ku ce in faɗi abin da ke ƙasa, ba da komai ba sai da kallon yadda fuskar ruwan take murɗawa. Ban manta ranakun kasuwa da kuke sauke buhu daga jirgi fasinja na zagi ba, kuna cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne. A lokacin haushi nake ji saboda kuɗin fito da ake asara. Da jirgi ya nutse a Warra cikin watan Mayun 2021 da mutane sama da ɗari, ban ƙara jin kowa ya zage ku a kan lodi ba.

To amma da na sauka Fatakwal, duk wannan ba wanda ya tambaye ni. Kowace ƙofa na ƙwanƙwasa, magana ɗaya ce: ina takardunka? Ana son shaidar horon kare kai a ruwa, wanda dokar duniya ta 1978 kan horar da ma'aikatan jirgi ta wajabta, inda ake koyar da kashe gobara da taimakon gaggawa da yadda mutum zai tsira idan jirgi ya kife. Ana son shaidar likita cewa idonka da kunnenka lafiya, kuma kana bambance ja da kore. Ana son littafin ma'aikacin jirgi daga NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen teku ta Najeriya, sannan lasisin tuƙa ƙaramin jirgi mai inji. Ko ɗaya ba kyauta ba ne.

A nan ne Inna ta shigo. Inna, na san ragunan da kika sayar ba na sayarwa ba ne, na kuma san kin hana a gaya mini. An gaya mini. Allah ya ba ni ikon share miki hawaye, ya sa ki gama da duniya lafiya. Abokaina masu fito na kwata, da kuka bar mini kwasar adashe alhali ba layina ba ne, kuma har yau ba wanda ya buga waya ya yi mini gori, Allah ya bar zumunci. Zubina na wannan watan ya riga ya tafi.

Wani ɓangare na kuɗin nan wani ɗan cuwa-cuwa ne ya cinye. Ya ce yana da hanya, zai kawo mini lasisi ba sai na zauna jarrabawa ba, daga nan wayarsa ta mutu. Na bar shi da Allah. Waɗanda suka tare ni a lokacin su ne direbobin tirela 'yan Arewa da ke jiran lodi a Onne. Ba ku san ni ba, ba ku san gidanmu ba, kun dai ji Hausa a bakina kuka shimfiɗa mini tabarma a rumfarku, kuna sa ni a kwanon abinci. Ɗaya daga cikinku, dattijo ɗan Gusau, shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar da hukuma ta amince da ita, ya tsaya har aka rubuta mini rasit. Baba, Allah ya tsare muku hanya, ya kai ku gida lafiya duk inda kuka nufa.

Sai mutumin da ban san yadda zan biya shi ba. Wani tsohon kyaftin ne ɗan Okrika, Kirista, ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina na kasuwa ne. Ya ɗauke ni yaron jirgi ina ɗaure igiya ina wanke daɓe, amma duk fita sai ya kira ni kusa da sitiyari. A Yawuri kogi hanya ɗaya ya sani, kullum gangarawa yake. A nan ruwan teku ne yake turowa ya cika kogin, ya koma ya janye, sau biyu a kwana ɗaya, kuma kowace rana yana makara da kusan minti 50 a kan na jiya. Inda ka wuce lafiya da hantsi, da azahar sai ka tarar da taɓo. Ya sa na haddace jadawalin cikar ruwa da janyewarsa kamar yadda ake haddace lokutan salla. Ya koya mini gangunan alama da ke kan ruwa: idan kana shigowa daga teku, ja a hagunka, kore a damanka. Ya koya mini cewa idan jirage biyu suka yi gaba da gaba kowa damansa yake karkatawa, kuma a matsattsiyar hanya ƙaramin jirgi ba ya tare wa babba gaba, domin jirgin da ya ɗauko kwantena ko iskar gas daga Bonny ba shi da birkin da zai taka. Oba-oba ma sai da ya zaunar da ni na iya ta, na san lamba 16 ta kira ce da neman agaji, ba ta hira ba.

Ranar gwaji an ce in jingina jirgi a jikin wani babban jirgi, ruwa na janyewa da ƙarfi. Na zagaya na fuskanci ruwan, na rage wuta, na bar shi yana tura ni ina tura shi har muka manne ba ko ƙara. Mai gwajin ya tambayi kyaftin ko shi ya koya mini haka. Ya ce a'a, da abinsa ya zo. Kawu, wannan naku ne, haka kuke shiga kwata idan farin ruwa ya kawo. Amma kyaftin ne ya tsaya mini, ya sa sunansa a takardar shaida, a wurin da ba ni da kowa. Na roƙi wani ya fassara masa wannan saƙo.

Abu ɗaya yana ci mini rai. Samarin da suka fi ni iya ruwa suna nan cike a Yawuri da Ngaski da Malale, takarda kawai suka rasa. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja a watan Janairun 2019 da biki, kuma hedikwatar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, tana nan Lakwaja a bakin kogin namu. Da jiragen kaya suna hawa kogin Neja yadda aka yi mana alkawari, da ba sai ɗan kogi ya tafi bakin teku neman abinci ba.

Uwargida, ke kam ba a nan zan yi miki godiya ba. Kin riƙe gida da yara da kuɗin ƙuli-ƙuli, ba ki taɓa ce mini in haƙura in dawo ba. Malaman da suka yi ta addu'a, da maƙwabtan da suka riƙa leƙa gidan, da wanda na manta ban ambata ba, a yafe mini, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ƙannena da kuke turo saƙo kuna cewa in samo muku, ba ni da ikon ɗaukar kowa, ni ma sabon shiga ne. Abin da zan iya shi ne in nuna muku ofishin da ake zuwa da takardar da ake fara nema, kuma kada ku ba kowa ko sisi sai da rasit. Ku fara da gwajin ido, don idan ba a wuce shi ba sauran duk asara ne. Wanda ya kira bai same ni ba, ina kan ruwa ne, ba a riƙe waya a bakin aiki. A bar saƙo, ina dubawa bayan isha'i.