Rauta ba ta san hanya duka ba, inda na tsaya a karatun netwok

Salam ƴan uwa masu koyo, ya ƙoƙari. Satin nan na ajiye lissafin adireshin IP na koma kan yadda rauta, wato na'urar da ke tura bayanai daga wannan netwok zuwa wancan, ke zaɓar hanya, kuma wallahi nan ne karatun ya fara daɗi. Lissafin dai kun san shi, IPv4 bit 32 ne, in ka ga 192.168.1.0/24 to 24 na farko na netwok ne, 8 da suka rage na na'urori, adireshi 256 ka cire biyu saura 254, shikenan.

Ga abin da na haɗa a Packet Tracer, manhajar da ake gwada haɗa netwok a cikin kwamfuta, dan Allah kowa ya gwada da hannunsa. Rauta biyu, kowace da suwic (akwatin da ke haɗa na'urorin netwok ɗaya) da kwamfuta ɗaya, hagu 192.168.1.0 dama 192.168.2.0, wayar da ke tsakaninsu kuma 10.0.0.0/30, ta hagu ta ɗauki 10.0.0.1 ta dama 10.0.0.2. Ka yi ping, wato ka aika saƙon gwaji ka ga ko za a amsa, daga kwamfutar hagu zuwa ta dama za ka ga Destination host unreachable, wato rautarka ce da kanta ke ce maka ita fa bata san wurin ba. Sai ka shiga ka rubuta mata ip route 192.168.2.0 255.255.255.0 10.0.0.2 ka sake ping, yanzu kuma Request timed out zai fito, to a nan mutane da yawa ke fara goge komai suna zargin waya alhali fakitin, wato ƙullin bayanan da ka aika, ya isa lafiya lau, amsar ce ta taso ta zo rautar dama ta tarar babu hanyar komawa a teburinta na hanyoyi aka zubar da ita. Ka je ita ma ka faɗa mata 192.168.1.0 ta wajen 10.0.0.1 yake. In ping na farko ya faɗi kar ka damu, ARP ne, tsarin da ke neman adireshin MAC, wato lambar katin netwok na na'urar da ke gaba, sauran za su wuce.

Abin da ya zauna min a kai shine rauta bata riƙe hanyar daga farko har ƙarshe, na gaba kawai ta sani. Kamar ka je tashar Kawo kace wani ƙauye za ka a bayan Kafanchan, ɗan kamasho bai san ƙauyen ba amma zai ce maka tafi garejin Television, can su saka ka a motar Kafanchan, su kuma na can su san yadda za su yi da kai.

Rubuta hanya da hannu na da kyau a rauta biyu, in sun kai ashirin kuwa wahala ce tsagwaronta, shi yasa ake barinsu su gaya wa juna. Ƙa'idojin da suke bi wajen hakan akwai RIP, OSPF da BGP. RIP tsalle kawai yake ƙirgawa, wato yawan rautocin da za a ratsa, iyakarsa 15, in ya kai 16 yace ba a zuwa, kuma ba ruwansa da saurin layi, ni dai a ganina a koye shi don a fahimta ne kawai a wuce. OSPF yafi hankali, yana duba ƙarfin kowane layi ya yi lissafi da dabarar Dijkstra ta gano hanya mafi sauƙi. Tsakanin manyan kamfanonin intanet kuma BGP ne ke aiki, ko a watan Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddibuwa intanet ya riƙa jan ƙafa har nan Kaduna, sauran hanyoyin da suka rage aka karkata wa kaya suka cika.

In kana son ganin tsallen da idonka buɗe cmd, wajen rubuta umarni a Windows, ka rubuta tracert 8.8.8.8, yana aika fakiti da TTL (lambar da ke ƙayyade tsalle nawa fakiti zai iya yi) 1, sannan 2, sannan 3, kowace rauta ta rage ɗaya, wadda ya ƙare a hannunta ita ke amsawa. Layin da ka ga taurari ba lallai matsala bace, wasu rautocin basa amsawa ne kawai.

Sati mai zuwa in Allah ya kaimu OSPF zan haɗa da rauta uku in tsinke waya ɗaya in ga yadda zai sauya hanya, in wuta ta bari. Wanda ya riga ni ya turo abin da show ip route, umarnin da ke nuna teburin hanyoyin rauta, ya nuna masa mu kwatanta.